Ragon Turke da Tafiyar Zanzibar

A Wuro Hausa, kamar sauran unguwannin cikin garin Yola, masu layya iri biyu ne. Akwai wanda sai ranar jajibere zai nufi kara hankali a tashe, ya tarar farashi ya kai inda ya kai, dillalai kuma sun san ba shi da mafita, ya biya abin da aka yanka masa, ya ja rago ya dawo gida yana ƙunƙuni. Akwai kuma wanda tun saura wata shida ko bakwai ya je Ngurore ya zaɓo ɗan rago ramamme mai ƙashi, ya kafa masa turke a gindin darbejiya, ya shiga ba shi harawa da dusa safe da yamma. Ranar Sallah dukansu za su yanka. Sai dai na farkon zai shiga watan gaba da bashi a wuya, na biyun kuwa ba zai iya nuna maka ranar da kuɗin ya yi masa ciwo ba, don kaɗan-kaɗan ya riƙa fita.

Abin da ya sa na ɗauko zancen waɗannan mutane biyu shi ne wata sha'awa da ta shigo mana a 'yan shekarun nan. Da can in ka ji mutumin Yola ya yi fasfo, to aikin Hajji za shi, ko Umara, ko Masar da Indiya neman magani, ko Dubai saro kaya. Yanzu kuwa malaman jami'a, da ma'aikatan banki na Jimeta, da masu shaguna a babbar kasuwa, musamman ma matansu, sun fara maganar a kwashi yara a je hutu wani tsibiri. Waya ce ta kawo hotunan har cikin ɗaki: farin yashi, ruwa garau, bishiyoyin kwakwa. Wanda kuwa ya kwana a tsakar gida cikin watan Afrilu, bayan rana ta haura digiri 40 kuma wuta ta ɗauke, ba mai zarginsa don ya yi marmarin iskar teku.

Ni ina tare da masu wannan sha'awa. Yaron da ya tashi a gaɓar Binuwai, ya san kwalekwale, ya san Geriyo da Njuwa, ya kamata wata rana ya tsaya gaban ruwan da ba a hango ƙarshensa. Matar da ta shekara 15 ba ta taɓa wuni ba tare da ta ɗora tukunya ba, hakkinta ne ta zauna a kawo mata abinci. Kuma sunan da ya fi yawo a bakin mutanenmu, Zanzibar, ba zaɓin banza ba ne. Tsibirai ne a Tekun Indiya, manyansu biyu Unguja da Pemba, waɗanda suka haɗe da Tanganyika a 1964 aka samu Tanzaniya. Mafi yawan mutanen wurin Musulmi ne. Za ka ji kiran salla, za ka ci nama ba tare da ɗar-ɗar ba, matarka za ta yi yawo da hijabinta ba mai kallon ta. A ƙarni na 19 Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya maida fadarsa can, kuma kanumfarin da matanmu ke jefawa cikin kunu da zoɓo shi ne amfanin gonar da ya yi wa tsibiran suna a duniya.

Kada a fahimce ni a karkace. Layya ibada ce, hutu kuwa jin daɗin duniya ne da Allah ya halatta, ba na haɗa su a sikeli ɗaya. Kiwon nake magana, wato yadda mai turke yake tafiyar da kuɗinsa, domin duk abin da magidanci ke bukata ya sani game da tanadin irin wannan tafiya yana nan a gindin darbejiyar.

Tambayar farko da kowa ke yi ita ce, "Nawa ne tikiti?" Daidai take da ka tambayi mai kiwo nawa ya sayi ragonsa. Nan take zai faɗa maka, har da la'adar dillali. Amma tambaye shi nawa ragon ya ci, sai ka ga ya yi shiru ya fara lanƙwasa yatsu. Kullum da asuba, kafin ya fita aiki, yana jiƙa dusa a tsohon baho, ya barbaɗa 'yar kanwa, ya cuɗa da hannu har ta kama jikinta, ba ruwa-ruwa ba, kada ta sa dabbar zawo. Ya warware damin harawa ya karkaɗe ƙasar da ke ciki. Damin da ya saya da kaka ba shi ne farashinsa da bazara ba. Ga maganin tsutsar ciki, ga allura in ya ga ragon ya yi sanyi, ga igiya in ta tsinke. Ranar yanka kuma ga mahauci, ga itace, ga man suya, ga yaji. Wanda bai taɓa kiwo ba yana ganin kuɗin kara shi ne kuɗin rago. Wanda ya taɓa ya san nan ne aka fara.

To mu fara lanƙwasa yatsun. Mu ɗauki gida mai mutum 5: maigida, uwargida, yara 3. Tun daga 1 ga Satumban 2025, ƙaramin fasfo mai shafi 32 na shekara 5 ya koma naira 100,000, babban mai shafi 64 na shekara 10 kuma naira 200,000. Yaro ba ya shiga fasfon uwarsa, kowa da nasa. In ba wanda ke da shi a gidan, naira 500,000 ke nan ta tashi a kan ƙaramin. Wanda yake da tsoho ya duba, ana so ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Ba a yin fasfo sai da lambar NIN, kuma in an rubuta sunan yaro Muhammadu a takardar haihuwa, Mohammed a NIN, sai an gyara tukuna, gyaran kuma yana cin kuɗi yana cin makonni. Sai katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawar nan, wanda ake tambayar duk wanda ya fito daga ƙasa irin tamu. Bizar yawon buɗe ido ta Tanzaniya dala 50 ce a kan kowane kai. Sannan tun 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshora daga kamfanin inshorarta, dala 44 ga babba, rabin haka ga yaro, ko da kuwa ka riga ka yi wata inshorar a gida. Biza dala 250, inshora dala 154, jimilla 404. Mu ƙaddara dala a kan naira 1,500 don sauƙin lissafi: naira 606,000. Haɗa da kuɗin fasfo, an haura miliyan 1 da dubu 100. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, wannan albashin kusan wata 16 ne, alhali ko akwati ba a ɗaure ba, ko ƙofar gida ba a fita ba.

A kan bizar nan nake so a tsaya da kyau, domin nan ne aka fi yin asara mai ciwo. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ba a yanka layya sai liman ya yanka tasa. Shi ya sa za ka ga an dawo daga idi, wuƙa a wase, rago a ɗaure, yara sun kewaye, amma maigida na tsaye yana jiran labari. Wanda ya yi gaggawa ya riga liman, nama ya samu, layya kuwa sai ya sake. Tanzaniya ta sa Najeriya, tare da Nijar da Chadi da Mali da Senegal, cikin jerin ƙasashen da ba a ba mutanensu biza a filin jirgi. Sai an nema ta intanet, an tura takardun ga hukumar shige da ficensu, an duba, an amince. Hukumar da kanta tana ba da shawarar a nema da aƙalla wata 2 kafin ranar tafiya, kuma kada a sayi tikiti ko a biya otal kafin amincewa ta fito. Bature zai iya yanke shawara yau ya sauka Zanzibar jibi, kuma yawancin bayanan da ke yawo a waya don shi aka yi su. Mai koren fasfo in ya bi sawunsa, ya hango tikiti mai rahusa ya yi wuf ya saya guda 5, irin wanda ba a maida kuɗinsa, sannan biza ta makara ko a hana, to ya yanka kafin liman. In an nemi shaidar tikiti wajen cike takarda, masu harkar tafiye-tafiye suna ba da takardar ajiye kujera wadda ba a kai ga biya ba. Otal kuma a zaɓi wanda ya yarda a fasa ba tare da an ci tara ba.

Sai tikitin kansa, wanda ga mutumin Yola biyu ne ba ɗaya ba. Filin jirginmu na Jimeta, wanda aka sa wa sunan Lamido Aliyu Mustafa a 2023, ba ya fitar da mu ƙasar waje sai lokacin jigilar alhazai. Dole a fara isa Abuja, ko Kano, ko Legas. Daga Abuja da Kano, jirgin Habasha, Ethiopian Airlines, yana bi ta Adis Ababa ya kai Zanzibar. Daga Legas akwai Kenya Airways ta Nairobi. Farashin da kake gani a waya daga can ya fara ƙirga, bai san da Yola ba. Kujera 5 zuwa Abuja, kujera 5 dawowa, kai za ka ƙara su da hannunka. Kuma tunda tikitin gida daban yake da na waje, in jirgin gida ya yi jinkiri na wajen ba zai jira ka ba, ba kuma wanda zai biya ka. Mai hankali yakan isa Abuja ana gobe tashi, wato kwana ɗaya a otal, ko a gidan ɗan'uwa, wanda shi ma ba a shigar masa hannu rabbana. Wanda ya zaɓi mota zuwa Kano ta Numan da Gombe ya rage kuɗi sosai, amma wuni guda ne cur a hanya da yara. A kula da shekarun yaran kuma. Galibi jaririn da bai kai shekara 2 ba ɗan abu kaɗan ake biya masa tunda a cinya zai zauna, daga 2 zuwa 11 ana ɗan ragewa, amma ɗanka mai shekara 12, wanda har yanzu kake aika sayen sukari, a wurin kamfanin jirgi babban mutum ne.

Wani yakan sauka Dar es Salaam ya ƙarasa ta jirgin ruwa, tafiyar wajen awa 2. Hanya ce mai kyau, yara ma za su fi tuna ta. Abin da zan roƙa kawai, kada a nemi araha a kan ruwa. A Satumban 2011 jirgin Spice Islander ya nitse tsakanin Unguja da Pemba saboda lodin da ya wuce kima, ɗaruruwan mutane suka rasu, a Yulin 2012 wani mai suna Skagit ya bi bayansa. Mu da muke jin labarin kifewar kwalekwale a Binuwai ba ma bukatar dogon bayani. A shiga jirgin kamfani sananne, kuma ko ƙaramin kwalekwalen yawo ne, a ga rigar ruwa a jikin kowane yaro kafin a tashi.

An isa. Yanzu aka shiga harawa da dusa, abin da ake ci kullum, kuma lissafinsa ɗaya ne: kai nawa, kwana nawa. Duk ɗan abin da ya yi maka ƙanƙanta a ido, ninka shi sau 5, sannan ka ninka sau 7. Mu ƙaddara kowane kai zai ci dala 15 a wuni, abinci da ruwan sha da ɗan abin taɓawa. Ba ta da yawa a kunne. Amma a mako dala 525 ce, kusan naira 790,000 a farashin da muka ɗauka. Ɗaki ɗaya ba zai ɗauki mutum 5 ba, kuma yaran da suka fara tasawa, maza da mata, dole a raba musu makwanci, saboda haka ɗaki 2 ne ko gida sukutum. Akwai harajin gwamnati da otal ke karɓa a kan kowane kai a kowane dare, wanda sau da yawa ba ya cikin farashin da aka nuna maka tun farko, sai a tambaya a rubuce. Filin jirgin Abeid Amani Karume yana dab da birni, amma gaɓar da ka gani a hoto ba nan take ba. Nungwi tana can ƙuryar arewa, wajen kilomita 60, Paje kuma a gabas, wajen kilomita 50. Tasi zuwa can kuɗi ne mai kauri. Motar haya ta 'yan gari, daladala, araha ce ƙwarai, amma da akwatuna da yara ba kowa zai iya ba. Ga wani abu da hoto ba ya nunawa: a gaɓar gabas, teku yakan janye can nesa na tsawon sa'o'i, ya bar fili inda mata ke noman ciyawar ruwa. Abin kallo ne, amma yaron da aka yi wa alkawarin wanka sai ya jira ruwa ya dawo. A Nungwi da Kendwa ruwan ba ya janyewa haka, shi ya sa ɗakunansu suka fi tsada.

Manyan otal-otal suna da tsarin biya dunƙule, kwana da ci da sha duka a farashi ɗaya. Ga gidan Musulmi ina ganin wannan ciniki ne na asara, domin wani kaso na kuɗin na giya ne, wadda ba za ka taɓa ba, ka biya wa wani. Ƙaramin masauki mai ba da karin kumallo, ko gida mai kicin, ya fi dacewa da aljihu da kuma tarbiyyar yara. Amma nan ma akwai tarko. Za ka ji maigida ya ce, "Hajiya, in muka kama gida mai kicin, sai mu tafi da garin kunu da yaji da 'yar shinkafa, kuɗin abinci ya ragu rabi." Ita kuma ta ce, "Alhaji, in girki za ni yi, ai murhuna na nan ya fi mini sauƙi." Gaskiya ta faɗa. Duk lissafin da aka rage shi da gumin uwargida, an cire hutun daga cikin hutu. Kunun safe da shayi, kowa na iya haɗawa, har shi maigidan. Abincin rana da na dare a sa su cikin lissafi tun daga gida, a ci inda 'yan gari ke ci: pilau da biryani a cikin birni, kifi daga kasuwar Darajani, da yamma kuma a gangara lambun Forodhani, inda ake jera teburori a bakin ruwa, ana gasa tsire da kifi, ana matse rake da citta da lemun tsami a gaban idonka. A nan ma a tambayi farashi kafin a ɗora a faranti.

Wuraren kallo kuwa a zaɓi biyu ko uku tun kafin a tashi, kada a bari masu tallar yawo a bakin teku su zaɓa maka. Dajin Jozani yana da jajayen birai da ba a samun irinsu sai a Zanzibar. Tsibirin Changuu yana da manyan kunkuru, waɗansu sun haura shekara 100. Gonakin kayan ƙamshi za su nuna wa yaro bishiyar kanumfari da ta kirfa da ransu. Kowanne da kuɗin shiga, kowanne sau 5. Amma abin da ya fi daraja kusan kyauta ne: yawo a ƙasa cikin lungunan tsohon birnin, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000, da ƙofofinsa na katako masu sassaƙa, da sallar jam'i a tsofaffin masallatansa. In da zan zaɓa wa iyali wuri ɗaya da za su biya su shiga, zan ce tsohuwar kasuwar bayi, wadda aka rufe a 1873 aka gina coci a gurbinta. A saukar da yara cikin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda aka ce a nan ake tsare bayi a da, a gaya musu gaskiya, har da cewa tarihin Adamawa ma bai tsira daga wannan ciniki ba.

Lokacin tafiya shi ma farashi ne, kamar yadda ragon bayan Sallah da na jajibere ba kuɗinsu ɗaya ba. Yanayi mai sanyi na Zanzibar yana tsakanin Yuni da Oktoba, lokacin da ruwa ya ɗauke. Amma dogon hutun yaranmu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, ya faɗa daidai da hutun Turawa, farashi a sama. Ƙarshen Disamba ma haka. Araha tana tsakanin Maris da Mayu, daidai lokacin da zafin Yola ke korar mutum daga ɗaki, sai dai a lokacin ne suke babbar daminarsu, ana iya wuni ana ruwa, waɗansu masaukan ma rufewa suke. Babu lokacin da ya haɗa komai. Wanda yaransa ba su shiga makaranta ba, ko zai iya haƙura da 'yan kwanakin hutun tsakiyar zango, ya duba farkon Yuni ko Oktoba. Kuma a tuna da azumi: cikin Ramadan yawancin gidajen abincin 'yan gari a rufe suke da rana.

To a ina za a turke kuɗin kafin lokaci ya yi? Nan ne mai rago ya fi mai asusu wayo. Rago yana ƙiba a turke, naira kuwa mun ga yadda take ramewa a ajiye. A Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a banki, wajen 750 a hannun 'yan canji. A Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare dala ta haura 1,500. Wanda ya ajiye miliyan 1 don tafiya, yana lissafin dala 1,300 da ɗoriya, ya wayi gari ko 700 ba ta kai ba, alhali bai taɓa ko kwabo ba. Daga baya naira ta ɗan natsu, amma darasin na nan. Kuɗin da za a kashe da dala, a riƙa maida shi dala kaɗan-kaɗan, wata-wata, a asusun dala na banki, ba a jira makon tafiya a je wurin 'yan canji da gaggawa a fuska ba. Adashe yana da amfani wajen tilasta wa mutum zubi, amma a lura da wace kwasa za a ɗauka. Wanda ya ɗauki kwasar ƙarshe, tanadinsa ya karɓa. Wanda ya ɗauki ta farko ya tafi hutu da ita, bashi ya ci, zai dawo ya yi wata 10 yana biyan abin da ya riga ya wuce.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. A duk gidan da aka san kiwo, in an surfa hatsi, tsaba ta tafi tukunya, dusa ta tafi turke. Ba a taɓa juya wannan ba. Ba uwar da za ta ɗebi gero daga tuwon 'ya'yanta ta zuba wa rago don maƙwabta su ce ya yi ƙiba. Hutu ma dusa ya kamata ya ci, abin da ya rage bayan an cire na tukunya. Tsabar kuwa sananniya ce: kuɗin makarantar Satumba, wanda ke jiran duk wanda ya tafi hutu a Agusta, kuɗin haya, takin gona, abin da ake aika wa Dada da Baffa duk wata, da ɗan abin da aka ɓoye saboda rashin lafiya. Mu da ke zaune kusa da Binuwai, waɗanda suka ga ambaliyar 2012 da ta 2022, mun san Agusta da Satumba ba watannin da ake barin aljihu fayau ba ne. In sai an taɓa ɗaya daga cikin waɗannan tafiyar za ta yiwu, to lokacinta bai yi ba, a ƙara shekara ana tarawa. Ba abin kunya ba ne iyali su yi shekara 3 suna tanadin mako guda. A sa yara ciki ma, a ba kowa asusunsa na kuɗin tsarabarsa. Sannan wanda bai sauke farali ba ya tsaya ya yi tunani: kujerar Hajji daga Adamawa ta kai naira miliyan 8 da ɗoriya a 2025, kuma ba abin mamaki ba ne tafiyar mutum 5 zuwa Zanzibar ta kai haka ko ta wuce. Ya zauna da malaminsa kafin ya zauna da mai sayar da tikiti.

Akwai layuka uku da ba za ka gani a lissafin Bature ba, amma dole su shiga namu. Gidan da aka bari yana ci: ƙannai, 'yan riƙo, mai aiki, mai gadi, a bar musu cefanen kwanakin da ɗan ƙari. Mai mata biyu kuma ya sani adalci ma yana da kuɗinsa, in ya tafi da ɗaki ɗaya bana, ya rubuta tafiyar ɗayan a takarda guda tun yau, da saninsu duka. Sai tsaraba, wadda ta karya matafiya da yawa a ranar ƙarshe. A rubuta sunaye tun daga gida, a yanke adadi, a tsaya a kansa. Sa'a ɗaya ita ce, tsarabar Zanzibar mai sauƙi ce: kanumfari, kirfa, masoro, da zannuwan kanga. Ƙulli ɗaya na kanumfari daga Darajani zai faranta ran Gwaggo fiye da abin da aka saya da tsada a shagon filin jirgi. Bayan an haɗa duka, a ɗora kashi 1 cikin 10 a kai, a ware shi gefe, kada a taɓa sai yaro ya yi zazzaɓi ko jirgi ya sauya rana.

In an yi wannan lissafi aka ga dusar gidan ba za ta riƙe Zanzibar ba, ba a fasa hutu, wurin ake sauyawa. A 2025 Kenya ta cire wa yawancin 'yan Afirka neman izinin shiga tun daga gida, kuma tana da Lamu, tsibirin Musulmi inda jakuna da kwalekwale suka tsaya a madadin mota, ana kuma babban Mauludi a masallacin Riyadha duk shekara. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa, a tabbatar kafin a biya komai. Senegal tana cikin ECOWAS, ba biza, kuma tsibirin Gore tafiyar minti 20 ce ta ruwa daga Dakar. Wanda ba ya son taɓa dala ko kaɗan, Legas tana nan: ba fasfo, ba biza, ba canji, a hau kwalekwale zuwa Tarkwa Bay, yara su taka Tekun Atlantika da ƙafarsu. Naira 500,000 ta fasfo kaɗai ta biya wani babban yanki na wannan tafiya.

Mafi kusa duka yana bayan gidanmu. Madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka gama a 1982, wadda ba ma jin sunanta sai ranar da aka ce za a saki ruwa, ta tara tafki mai faɗi da tsibirai a cikinsa, wajen kilomita 50 daga Garwa. Fulatancin da ake yi a Yola shi ake yi a can, Hausa ma tana ci a kasuwa, gidaje da yawa a nan suna da dangi a Garwa da za a sauka wurinsu. A tafi da rani, lokacin da hanya ta bushe. A tanadi takardun tsallaka iyaka na kowane yaro, a canji sefa tun daga Jimeta, kuma a tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum halin da take ciki kafin a sa rana.